Zaren da Na Ƙi Kwancewa a Mawashi

Yau da hantsi na daɗe tsaye a ƙofar bayi ina fama da mazagin wandona. Yatsun dama sun ƙage, ƙullin ya ƙi kwantuwa. Dole na kira mai ɗakina, ni da na doshi casa'in.

Wannan hannun ne fa na yi dambe da shi zamanin Turawa, daga Kankiya har Kusada, duk kaka in an gama cirar gyaɗa.

Ubangidana a dambe wani mahauci ne, Baba Ɗanjuma. Dokarsa ɗaya ce: duk wanda ka kayar, kai za ka durƙusa ka kwance masa zaren da aka naɗe masa hannu da shi.

A Mawashi na kayar da wani ƙato da ya zage ni kafin mu shiga fili. Kalangu na tashi, na juya na bar shi zaune a ƙasa yana jan zaren da haƙori.

Baba ya tare ni. "Koma ka kwance masa."

"Baba, uwata fa ya zaga."

"Na ji. Amma dube shi, hannu ɗaya gare shi yanzu. Kai ma ranarka na nan tafe."

Ban koma ba. Ko sunan mutumin ban tambaya ba, balle in nemi gafararsa.

Ɗazu da baiwar Allah ta durƙusa tana kwance mani ƙullin, fuskar ƙaton nan kawai nake gani. Wallahi na gaji da ganin wannan fuskar.

Ku da yatsunku ke aiki har yanzu, wa kuka bari zaune a ƙasa?