Ƙarar Injin Arzika daga Bukkokin Masu Agana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, tsakiyar watan Zulkida na shekarar 1384, wato cikin Maris 1965, labarin rasuwar Arzika mai inji ya shigo Illela. Ranar da labari ya shigo ke nan. Ranar da ya cika kuwa, babu mahalukin da zai dafa Alƙur'ani ya faɗe ta, har Liman Maccido da ya sallace shi.

Ni Attahiru ne, mai goro a bakin tasha. Arzika ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, saboda haka taubasai muke, kuma tun muna yara ban taɓa yi masa magana ba tare da na cusa zolaya a ciki ba. Yau zan gwada yi maka maganar kirki, Arzika, ko da yake na makara.

Agana ta kama ka kana ƙarami, ta bar maka zanzana a fuska, ni kuwa na laƙaba maka suna Rariya, ka amsa shi har ka yi furfura. Da ka girma ka tsallaka iyaka zuwa Ƙwanni, ka yi wa Faransawa masu haƙa rijiyoyi aiki. Da aka sami 'yancin kai suka tattara nasu ya nasu, suka bar maka wani ɗan injin wuta wanda mutum biyu ke iya ɗauka. A kan jaki ka shigo da shi garin nan, yara na binka da ihu. Ka girke shi a tasha, ka kunna ƙwan lantarki ɗaya, ranar har tsofaffi sun fito kallo. Kwana kaɗan murna ta koma tsaki. Abin nan ƙarami ne amma bakinsa ya fi jikinsa, in ya fara ɓaɓatu ko ladan ba a ji. Liman ya aiko maka da magana mai laushi, ni na kawo maka mai zafi. Ba ka yi musu da kowa ba. Ka haƙa rami ka saukar da shi ciki, ka kewaye da ginin laka, ka zura bututun hayaƙinsa cikin wani tsohon tulu da ka binne. Daga ranar sai dai a ji yana gunaguni a ƙasa.

Wajen mai kuwa, ban taɓa ganin marowaci irinka ba, kai da ba ka iya hana maroƙi rigarka. Kwalba ɗaya ta fetur takan kai ka daga magariba har a watse hira bayan lisha. Sai ka tace man da ƙyalle, ka kwance fulogi ka goge shi, ka kasa kunne kana juya wani ɗan ƙusa har muryar injin ta daidaita. Mun sha roƙonka ka ƙara ƙwayaye, kana cewa, "Inji awa jaki shike. In ka cika mai kaya, shi ci da yawa, shi yi kuka da yawa." Duk da wannan tsumulmular, in naƙuda ta yi wa mace tsanani ko ana jinyar tsoho, kai da kanka kake kai injin a kan jaki zuwa gidan, ka ƙone man da ka yi mako kana tattali, ka tafi ba ka jira godiya ba.

Sai agana ta shigo mana da bazarar bana. Aka yi yadda iyaye suka saba: aka kafa bukkoki a daji ta wajen hanyar Amarawa, duk wanda ta kama a kai shi can, ba mai kusantar wurin sai wanda ta taɓa kamawa ya tashi. Akwai wata aduwa a tsakanin gari da bukkokin, nan ake ajiye abinci a juyo. Kafin a nemi mai jinya ka riga ka ɗaure tabarmarka. Ka ciro injin daga raminsa, ka bar tulun a nan, ka ɗora shi a kan wani tudu bakinsa na fuskantar gari. Ka ce da mu, kullum in an sallame magariba za ka tayar da shi in duk majinyata suna raye. In an ji shiru, to an yi rashi, a zo gindin aduwa da safe a ji suna.

Wanda bai zauna Illela a kwanakin nan ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ƙarar da a da muke tsine wa ita ce ta zama abincinmu. Da an sallame salla sai gari ya ɗauke wuta. Mata su ajiye taɓare, a toshe bakin yara, mutane su tsaya cirko-cirko a ƙofar gida kowa ya karkata kai gabas. Sai a ji injin ya yi tari, ya sake yi, sa'an nan ya kama. Karnukan rugar Fulani su ɗauki haushi, gari ya saki numfashi. Ranar da bai kama ba kuwa, ba gidan da ake ɗora tukunya, domin kowane gida mai majinyaci yana zaton nasa ne. Da safe mu taru a gindin aduwa, ka tsaya can nesa, ka haɗa hannu a baki ka kira suna ɗaya. Na ga maza suna hamdala a ɓoye saboda sunan ɗan maƙwabci aka kira, suna jin kunyar kansu.

Ana cikin haka aka rufe iyaka saboda annobar, motocin Sakkwato kuma suka daina zuwa. Fetur ya yi ɓatan dabo. Mukan bi gida-gida, a tatso rabin kwalba nan, a sami ɗan guntu can, a kai gindin aduwa tare da fura. Sai ka daina kunna ƙwai gaba ɗaya, ka koma jinya da aci-balbal, ka ware man domin ƙarar kawai. Kakan bar injin ya yi gwargwadon alwalar mutum ɗaya, ka kashe.

Mai ɗakina Safiyyatu tana cikin na ƙarshe da cutar ta kama. Sauran suka warke suka dawo, waɗansu suka riga mu gidan gaskiya, ya rage ita kaɗai a can, ƙuraje sun rufe mata ido. Daga nan ƙarar ta zama tawa ni kaɗai, shirun ma in ya zo nawa ne. Ga 'ya'ya ƙanana suna kallon bakina kowace magariba. Ganina da kai na ƙarshe a gindin aduwar nan ne, na ɗaga murya na ce, "Rariya, man ya kusa ƙarewa ko?"

Ka ce, "Mi ya dame ka da mai, mai goro? Kai dai kasa kunne. Muddin tana lumfashi kana jin shi, ko da ruwan goronka za ni tada shi."

Na yi dariya, na zage ka irin tamu, na juyo gida.

Bayan wannan ba ka sake fitowa ba. Furar da na ajiye ta yi tsami a ƙwarya, awaki suka ɓarar da tuwo. Rabin kwalbar da na samo da ƙyar tana nan tsaye inda na dasa ta. Hankalina ya so tashi, amma da magariba ta yi sai injin ya kama, na ce aiki ne ya yi maka yawa. Washegari ma haka, da wadda ta bi ta. Sai daga baya muka riƙa tuna wa juna abin da kowa ya lura da shi ya yi shiru. A waɗannan magaribai injin bai yi tari ba, kawai sai a ji yana tafiya sumul. Karnukan ruga ba su yi haushi ba. Ƙarar kuma ba daga tudun take zuwa ba, kamar daga ƙarƙashin ƙafar mutum take tasowa, irin ta lokacin da yake cikin rami. Ni na ji, Liman ya ji, Idi mai shayi ya ji, unguwa guda ta ji.

Ranar Alhamis da tsakar rana aka hango ungulaye suna shawagi ta wajen bukkoki. Inna Baraka, wata tsohuwa da agana ta taɓa kamawa, ta ɗauki sandarta ta nufi can. Muka tsaya a gindin aduwa, rana na dukan ƙeya, ko tsuntsu ba ya motsi. Ni dai na riga na yi wa Safiyyatu addu'ar da ake yi wa mamaci. Can sai ga tsohuwar tafe, wata na dafe da kafaɗarta tana jan ƙafa. Safiyyatu ce, ta rame ta ƙanjame, amma da ranta.

Inna Baraka ta tsaya nesa ta faɗa mana abin da ta tarar. Kana zaune ka jingina da injin, ƙafarka ta dama ta kumbura ta yi baƙi, ka ɗaure ta da tsumma a ƙasan gwiwa, ga alama kububuwa ce ta sare ka. Ta ce ba jiya ka cika ba, ba kuma shekaranjiya ba. Ta buɗe tankin, ƙayau yake, ko warin mai babu. A bakin bututun hayaƙi kuma zanzaro ya yi gini, ginin har ya bushe.

Da Safiyyatu ta sami bakin magana, ta ce ka shigo bukkarta kana jan jiki, ka tura mata tulun ruwa da ƙwaryar gumba kusa da hannunta, ka ce ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kana nan waje. Na tambaye ta wa ke tayar da injin bayan nan. Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce, "Wane inji, Malam? Tun randa ya aje min ruwa ban ƙara jin komi ba. Kullum magariba kuka nikai, ina cewa yanzu kuna can kuna karɓar gaisuwata."

Masu bakin magana sun yi ta yi. Wani ya ce mutanen ɓoye ne, wani ya ce wata mota ce daga nesa. Wace mota, a garin da ya yi makonni bai ga taya ba? Wani ɗan boko ma ya ce tsananin so ne ya sa kunnuwanmu suka ƙaga. To ya gaya mini yadda kunnen Idi mai shayi, wanda ba shi da kowa a bukkokin, ya ƙaga tare da nawa. Liman ya ce abin da kunne ya ji ba a ƙaryata shi, abin da hankali bai kai gare shi ba a bar wa Mai shi. A nan na tsaya. Tun ranar Alhamis ɗin dai ba a sake jin ƙarar ba, injin kuma yana can kan tudu kusa da kabarinka, ba wanda ya yarda ya ɗauko.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Mun zauna mun shirya alamar rayuwar majinyaci da ta mutuwarsa, amma duk cikinmu ba wanda ya ce, shi mai jinyar fa, in wani abu ya same shi da me za mu sani? Kai ma ba ka tuna mana ba, don ba ka saba sa kanka a lissafi ba. Ina kewarka, ɗan gwaggo, kewa mai zafi, kuma ban san da wa zan yi faɗa yanzu ba.

Allah Ya jiƙanka, Arzika, Ya gafarta maka, Ya karɓi jinyar nan a matsayin shahada. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, kada Ya bar ka cikin kaɗaici kamar yadda ba ka bar namu ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanka Lawwali, da 'yan'uwa na Amarawa da na Ƙwanni, da duk gidan da ya taɓa tsayawa sauraro da magariba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ta'aziyya mafi nauyi ga matarka Hadijatu. Da na je gaishe ta, ba ta yi kuka ba. Ta ce ita ma ta ji ƙarar a waɗannan magaribai, kuma kowane dare sai ta yi hamdala ta shafa lalle, tana cewa mijinta na nan lafiya, alhali takaba ta riga ta hau kanta ba ta sani ba. Allah Ya dafa mata, amin.