Tsohon da Ke Tara wa Masu Kyamara Kuɗi

A bakin tashar motocin garin Beira akwai wani tsoho da nake gani zaune kan akwatin lemo, ya baje tsofaffin hotunan yaƙi a gabansa, ya danne kowanne da tsakuwa. Rigarsa ta soja ce, duk ta koɗe. Idonsa na hagu kullum a tsuke yake, ina zaton shekarun leƙen kyamara ne suka bar shi haka. Kusa da ƙafarsa akwai gwangwanin madara da wani kwali mai rubutu, yana neman gudummawar gina dutsen tunawa da sojoji masu ɗaukar hoto da fim da suka mutu a yaƙi.

"Tsoho, matattu ba sa cin dutse!" in ji wani kwandasta yana dariya. "Sayi burodi ka ci abinka!"

Tsohon dai hannun riga yake sawa yana goge hotunan.

Yau wata mai tallar kifi ta sauke kwandonta, ta daɗe tana kallon hoton wasu samari suna ƙetare kogi, bindigogi a ka.

"Kawu, wa ya ɗauki wannan?"

"Zefanias. Tare muka yi aiki. Bai kai waccan gaɓar ba."

"Ayya. To shi ina nasa hoton?"

Tsohon ya bi hotunan da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sa ran wani ya ɓoye a ƙasa.

"Babu, 'yata. Kullum yana bayan kyamara. Ni ma fuskarsa ta fara ɓace mini."