Kuben Takobin da Na Zubar a Shara

A wancan lokacin ni mai shagon kayan gini ne a Gyadi-Gyadi, amma abin da aka fi sanina da shi a unguwa shi ne tara tsofaffin makamai. Bangon ɗakin baƙina cike yake da takubba da wuƙaƙe da kwari da baka, wasu na saya a hannun 'yan koli, wasu na roƙo a ƙauyuka. Matata kan ce ni kaɗai ne ke shirin yaƙin da aka gama tun ba a haifi kakana ba. Ni kuwa kaina ya riga ya kumbura. Duk baƙon da ya shigo sai na tsare shi da bayani, wannan na Buzaye ne, wancan na Barebari ne. Gaskiyar da zan faɗa yau ita ce, rabin bayanin a bakin 'yan kolin na tsinta, sauran rabin kuma ni na ƙirƙira.

Wata rana da hantsi wani dattijo mai gadin wani gida a Tarauni ya zo shagona da abu a naɗe cikin buhu. Takobi ne. Ya ce mahaifinsa baƙo ne da ya shigo Kano shi kaɗai, ya rasu tun shi yana goye, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Bai san garinsu ba, bai san dangi ko ɗaya ba, takobin nan kaɗai aka bar masa. Ya ce an gaya masa ni masani ne, shi ya sa ya kawo in duba in faɗa masa daga wace ƙasa ya fito, ko ya samu abin da zai gaya wa 'ya'yansa kafin ya mutu. Na bugi ƙirji na ce Baba ya ba ni mako biyu kawai.

Da na kwance buhun a gida sai na ji kunyar abin da na gani. Kuben ya bushe ya tsattsage yana warin tsohuwar fata, igiyar ratayawa ta tsinke, ƙarfen kuma duk tsatsa. Na ce a raina ai ba zan yi yawo da wannan ƙazanta a gaban mutane ba, kuma zan faranta wa tsohon rai. Na kai wa mai injin wasa wuƙa ya goge ƙarfen har ina ganin fuskata a jiki. Na sa baduku ya ɗinka sabon kube ja mai ado. Tsohon kuben da igiyarsa kuwa na jefa su a kwandon shara da hannuna, masu kwasa suka tafi da su washegari.

Sai bayan haka na nufi wani tsohon maƙeri a Babban Giji, ba don in tambaye shi ba, don dai ya tabbatar da abin da na riga na yanke, wato na Buzaye ne. Ya zare takobin ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ina kubensa na asali. Na ce masa na zubar. Ya bayyana min cewa ƙarfen takobi ɗan yawo ne, fatake sun yi ta kai irinsa gari gari, za ka ga iri ɗaya a Agadas ka gan shi a Barno. Abin da ke faɗin garin mai shi kuben ne: irin ɗinkin, rinin fatar, zanen da baduku ya buga, da yadda aka kitsa igiyar. Ya shafa kusa da ƙota ya nuna min wani ɗan wuri da ya lotsa, ya ce nan tambarin maƙerin yake, injin ya cinye shi. Bai ɗaga murya ba, ya dai miƙo min kayana ya koma kan aikinsa.

Na je bolar da ake zubar da sharar layinmu na yi ta tono da sanda har mutane suka fara kallona, ban samu komai ba. Na yi kwanaki ina tunanin in faɗa wa Baba mai gadi duk garin da ya zo bakina, domin ba shi da hanyar ƙaryata ni. Allah Ya tsare ni daga wannan. Na same shi a bakin ƙofar da yake gadi, na miƙa masa takobin yana ta ƙyalli. Ya juya shi, ya yaba, ya yi godiya, sannan ya tambaye ni a hankali yaushe zan kawo masa na mahaifinsa. Nan na durƙusa na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi akwai wuri a jikin kuben da ya yi baƙi saboda riƙon mahaifinsa, nan yake ɗora hannunsa idan kewa ta dame shi.

Tun daga ranar na sa wa raina sai na gano garin. Na riƙa zuwa wurinsa da takarda, yana kwatanta min ɗinkin da zanen yadda yatsunsa suka san su, ina zanawa. Na bi dukawan Kano ɗaya bayan ɗaya, na je garuruwa da dama. Baba ya rasu a daminar bara ban kai masa amsa ba. Har yanzu takardar tana aljihuna, kuma na yi wa 'ya'yansa alkawarin ba zan ajiye ta ba.

Abin da na koya shi ne, “ban sani ba” ma amsa ce, kuma da na faɗe ta tun ranar farko da kuben nan yana nan. Ina roƙon duk mai tara irin waɗannan kaya, da duk wanda ya gaji takobi ko mashi a gida, kada ya goge, kada ya sake kube, kada ya zubar da ko zare ɗaya sai wanda ya sani ya gani. Ni gyara na yi niyya, amma na raba mutum da ubansa karo na biyu.