Mai Kunne da Taraktar Baffa

Babana bakaniken tarakta ne, amma ba da sifana ya yi suna ba. Da kunne ya yi shi. Duk wanda zai sayi tsohuwar tarakta sai ya zo ya ɗauke shi, ya je ya saurara masa ita kafin a yi ciniki. Zai dafa hannu a jikin giyabos, wato akwatin giyar tarakta, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa, sannan ya ce saya ko kada ka saya. Har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Kunne yake ce masa.

Yana da ƙa'ida guda biyu da ba ya karyawa. Ba ya sauraron tarakta sai rana ta take, kuma ba ya yanke hukunci sai ya zaro sandar gwada mai ya murza man giyar a yatsa. Yakan ce da safe kowace tsohuwa yarinya ce, a bari zafi ya dake ta tukuna. A wajensa zaɓen man giya ba abin wasa ba ne. Idan ya yi ruwa-ruwa, zafin rana zai ƙara tsinka shi, haƙoran giya su riƙa cin juna. Idan ya yi kauri da yawa, famfon da ke ɗaga garma ba zai iya zuƙarsa ba, don a irin waɗannan tsofaffin mai ɗaya suke sha su biyun. Ina ƙarama na sha ganin ya jingina guntun kwano a rana, ya ɗiga mai kala-kala a samansa, ya tsuguna yana kallon wanda zai riga gangarowa. Mahaifiyarmu takan ce da ita yake kallo haka da tuni ta yi ƙiba.

Baffa ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Baba ne ya raine shi bayan rasuwar iyayensu, shi ya yi masa aure. Baffa bai iya zaman gareji ba, ya ce baƙin mai yana ɓata masa kaya, sai ya koma sayen tsofaffin injuna yana fesa musu fenti yana sayarwa. Mutum ne mai daɗin baki. Ko ruwa ka ba shi sai ya yi maka godiyar da za ka ji kamar gida ka gina masa.

Da girma ya fara kama Baba, kunnensa na hagu ya soma yin nauyi. Ni na fara lura, don sai in yi magana daga wannan gefen ya yi shiru. Baffa ne ya kai shi asibiti a motarsa, kuma a gabansa likita ya ce kunnen ba zai dawo ba, na daman ma ya fara bin sahu. Da suka dawo Baba ya zaunar da mu biyu.

"Uwata, ke da Baffanki kaɗai kuka san wannan. Ina ji da hannuna, ina gani a mai. Idan na ga ba zan iya ba, ni da kaina zan ajiye."

Baffa har da hawaye. "Haba Yaya, wa zan faɗa wa? Ai rufin asirinka nawa ne."

Ba a daɗe ba maigidana ya ƙudiri sayen tarakta. Ya gaji da bin layin haya, kullum sai kowa ya gama huɗa sannan a zo gonarsa. Baffa ya ji labari, ya ce yana da wata tsohuwa da ya kawo daga nesa, kuma tunda abin na gida ne sai Yaya ya zo ya saurara. A wannan makon ne ya zo shan shayi wajen Baba, yana ta jan shi da hira kan yadda 'yan damfara ke rufe bakin giyabos mai kuka. Ranar na je gidan Baba, ina shara a tsakar gida ina jin su. Baba ya saki jiki yana dariya yana bayani: mai mai kauri kamar zuma, a haɗa da ɗan garin katako, a nuna ta da sanyin safiya. Ni kaina na yi dariya a lokacin.

Ranar dubawa Baffa ya ce tafiya ta kama shi, sai dai a yi da safe. Hakan ya saɓa wa ƙa'idar Baba, amma ya amince. Maigidana ya ba ni labarin yadda aka yi. An tayar da ita, Baba ya dafa giyabos, Baffa ya tsaya ta damansa yana ta surutu. Da Baba ya kai hannu zai zaro sandar mai, sai Baffa ya ce, "Yaya, irin wanda kake so na zuba mata, ni da hannuna. Ko ni ma sai an bincike ni?" A gaban suruki aka yi wannan maganar. Baba ya janye hannunsa, don ba zai iya ƙaryata ƙaninsa a gaban mijin 'yarsa ba. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, saya."

Ranar farko a gona, hantsi na dubawa garma ta fara ƙin ɗagawa. Kafin azahar giyabos ya ɗauki kuka, daga nan ta tsaya cak a tsakiyar kunya. Da aka jawo ta garejin Baba aka kwance kusar ƙasan giyabos don a tsiyaye mai, abin da ya fito ba mai ba ne, wani baƙin kunu ne mai gari-gari. Baba ya tara hannu ya murza. Ya daɗe yana kallon yatsunsa. Bai zagi kowa ba, ni kuwa na so a ce ya zaga, don raina ya gama ɓaci.

Aka aika wa Baffa. Sai washegari ya zo, cikin fararen kaya, lokacin gareji cike yake da makanikai da manoman da suka zo kallo. Ni ma ina nan, na kawo wa Baba abinci na ƙi tafiya. Baba bai ɗaga murya ba.

"Ka karɓi abarka ka mayar wa yaron nan kuɗinsa. Magana ta ƙare a nan, ba sai kowa ya ji ba."

Baffa ya buɗe hannuwa. "Ni Yaya? Yadda na sayo ta haka na sayar. Ban tilasta wa kowa ba. Ai kai ka saurara, kai ka ce lafiyarta ƙalau."

"Ka ce kai ka zuba man."

"Ni ban tuna na faɗi haka ba."

Wani tsohon manomi ya ce abin da mamaki, shekara da shekaru Mai Kunne bai taɓa kuskure ba. Sai Baffa ya zagaya a hankali, ya koma ta hagun Baba, ya dafa kafaɗarsa kamar mai lallashi. Ya sassauta murya ya ce wa mutanen, "Ku yi masa uzuri, tsohon ya kurumce tun bara. Ni na kai shi asibiti. Mun dai yi ta rufawa ne."

Na ga mutane suna kallon juna, kowa yana tuno taraktar da Baba ya saurara masa a bana. Baba kuwa bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ji hannun ƙaninsa a kafaɗarsa, ya ɗauka haƙuri yake bayarwa, sai ya gyaɗa kai ya ɗora nasa hannun a kai.

"Ba komai," in ji shi. "Ai ɗan'uwa ne." Ya juyo wajena yana murmushi. "Uwata, me Baffanki ya ce?"