Babin Doña Eufemia

Shekara ashirin da shida muka yi da Eufemia Zamudio a kicin ɗin firamaren garinmu. Ita ke kan tukunya, ni ke rabon abinci. Ita ce uwar baftismar 'yata, shi ya sa muke kiran juna comadre.

Daga jihar Michoacán, can ƙasarsu a ƙetaren iyaka, ta zo tana da shekara ashirin da biyu, da ɗanta Rigoberto a goye. Ta tsinki tuffa a gonakin kwarin nan har kafaɗarta ta gaza, sannan ta samu aikin makaranta. Turancinta na gona ne, amma ya fi babu. Duk lokacin da wata uwa ta zo ofis ba ta jin abin da ake gaya mata, sai a aiko kicin. Eufemia ta wanke hannu ta tafi da hularta ta aiki a ka. Ita ce ke gaya wa iyaye an kori ɗansu, ko 'yarsu za ta maimaita aji.

Wata shekara wata malamar jami'a ta zo, Lourdes Quintanilla. Ta ce tana bincike ne a kan dalilin da 'ya'yan baƙin haure ke barin karatu. Mutuniyar kirki ce, ita ma iyayenta a gona suka tsufa. Kowa ta tambaya sai ya ce ta je kicin. Daga nan duk Alhamis tana gidan Eufemia, ta ajiye rakoda a tebur, ta ci wake da tortilla, wato wainar masara, ta yi ta tambaya. Shekara biyu ana haka.

"Comadre, me kike gaya mata ne da ba ya ƙarewa?" na tambaye ta.

"Abin da kika sani ne. Ke dai ba ki taɓa rubutawa ba."

"To idan kin zama shahararriya ki tuna da mai wanke miki tukwane."

A lokacin Rigo yana shekarar ƙarshe a sakandare, kuma babu wanda ya kama ƙafarsa a lissafi. Malama Lourdes ta yi hira da shi sau da yawa. Ta tafi, ta shiga rubutu, littafin bai fito ba sai bayan shekara shida.

A cikin shekarun nan takardun zaman Eufemia suka fito, na Rigo suka maƙale, domin kafin a zo kansu ya wuce shekarun da ake haɗa yaro da uwarsa. Ba halin jami'a, sai ya koma gonar tuffa. Wata safiya ɗan sanda ya tsayar da shi saboda fitilar bayan motarsa ta mutu. Nan aka gano ba shi da takardun zama. Cikin wata biyu aka tsallakar da shi iyaka, zuwa ƙasar da ya bari yana shan nono. Ranar da aka tafi da shi Eufemia ta zo aiki, ta dafa abincin yara ɗari huɗu. Ban ga hawayenta ba.

Littafin ya zo ta gidan waya. Babi na biyar na Eufemia ne, an sa mata suna Señora Paz don a sakaya ta. 'Yata ta karanta mana a fassare. Babin ya ƙare ne da ranar yaye ɗaliban sakandare, Rigo da doguwar riga, malamar tana cewa irinsa ne za su canza kwarin nan. Eufemia ta saurara har ƙarshe.

"Ba ta yi ƙarya ba," ta ce. "Haka aka yi."

Da malamar ta ji labarin korar Rigo ta bugo waya tana kuka, Eufemia ce ma ke ba ta haƙuri. Malamar ta nemo lauya, lauya ya duba ya ce babu abin yi. Bayan nan ta gayyaci Eufemia jami'a ta yi wa ɗalibai magana. Ni na kai ta, tafiyar awa uku. Ɗalibai wajen sittin, yawancinsu 'ya'yan mutanenmu, kowa da littafin an ja layi da launi a ƙarƙashin maganganunta. Wata yarinya ta miƙe, ta kira ta Doña, yadda muke girmama babbar mace.

"Doña, shafi na ɗari da goma sha biyu ne ya hana ni barin karatu. Yanzu ɗanki me yake karantawa?"

Malama Lourdes ta sunkuyar da kai.

"Yana Tijuana, can bayan iyaka, 'yata," Eufemia ta ce. "Yana amsa waya a wani kamfani. Idan injin wankinki ya lalace kika kira, wataƙila shi zai ɗauka. Sun ce Turancinsa yana da kyau."

Wasu suka rubuta abin da ta faɗa. Daga baya suka tafa mata, aka ba ta furanni.

A hanyar dawowa ta sa na tsaya shan mai, ta sayi burodi da madara.

"Yaya kika ji?" na ce.

"Kujerunsu suna da tauri."

Ta yi ritaya shekara uku da suka wuce. Tana zuwa Tijuana sau ɗaya a shekara, ta yi mako guda. Rigo ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu, ya ce ba zai sake neman dawowa ba. Ta ce sukan zauna su kalli talabijin tare, ba su cika magana ba. Bara likita ya hana ta doguwar tafiya a mota, ta ce to, ta sayi tikitin jirgi na watan Disamba.