Mai Hoton Tsallaken Titi

Shekara talatin da ɗaya shagona yana kallon shagonsa, titi ne kawai a tsakaninmu, kuma ban taɓa ɓoye wa kaina cewa ina ƙyashin mutumin nan ba. Dukanmu masu ɗaukar hoto ne. Kyamarata ta fi tasa tsada, fitiluna sun fi nasa haske, amma in ka tsaya bakin ƙofata da hantsi, a ƙofarsa za ka ga layi. Abu ɗaya na nema a sana'ar nan: in ɗauki hoto guda da za a ce ya fi nasa.

Mai Labule ake ce masa. A jirgin ƙasa ya iso garinmu yana saurayi, da akwatin ƙarfe da kyamara a wuya, kuma har ya bar duniya ba wanda ya san takamaimai daga wane ɓangare ya fito. In ka tambaye shi sai ya yi dariya ya kawo wata hira. Gajere ne, yana ɗingisa ƙafar hagu, kullum da tsumman goge gilashi a kafaɗarsa.

Garin namu kuwa a tsakiya Allah ya ajiye shi. In ka haura arewa a ce maka ɗan kudu, in ka gangara kudu a ce ga ɗan arewa ya zo. A shagon mai aski, kusa da nawa, ba a yini ba a yi musun nan ba. Wani malamin makaranta har taswira ya taɓa kawowa, ya shimfiɗa a benci ya ɗora yatsa, ya ce muna saman kogi, saboda haka arewa muke. Wani direban tanka ya ce to ruwan sama fa, wata nawa yake yi yana zuba a nan? Ni ina cikin masu cewa arewa, da ƙarfi ma nake faɗa. Mai Labule yana zaune ana masa aski, ko tari ba ya yi. Na sha faɗa a bayan idonsa cewa fuska biyu gare shi, shi ya sa ya yi labule biyu.

Labulayen ne suka jawo masa sunan, daga ƙofata nake hango su a bangon shagonsa. Ɗaya an zana fili fetal da itace guda da sararin sama. Ɗayan daji ne mai duhu, da ruwa, da jirgin ruwa can nesa. Wanda ya zana jirgin bai taɓa ganin jirgi ba, ya fi kama da bahon wanki. Amma duk baƙon da ya zo garin neman abinci, a gaban ɗayansu yake tsayawa a ɗauki hoton da zai aika gida.

Na ce ai wannan ba wuya. Na nemo mai zane na gaske ya yi mini labule biyu, jirgina har da hayaƙi. In mutum ya shigo na ji harshensa na ga shigarsa, ɗan arewa in ja masa fili, ɗan kudu in ja masa daji. Sati uku ina jiran layi. Sai ga wata mai sayar da atamfa ta dawo mini da hotonta, ta ajiye a kan tebur.

"Malam, wannan zan aika wa mahaifiyata?" ta ce. "Shekara biyu da barina gida, ka tsayar da ni gaban irin filin bayan gidanmu. Ai sai ta ce ban je ko'ina ba."

Ina kallo ta tsallaka titi. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na juya tsarin, ɗan arewa daji, ɗan kudu fili. Sai wani tsohon maigadi ya yi mini fushi, ya ce so nake 'ya'yansa su ce ya manta asalinsa. Shi ma ya tsallaka. Daga baya mai aski ya gaya mini yadda maƙwabcin nawa yake yi. Ba ya duban shigar mutum. Zaunar da shi yake, ya ba shi ruwa, ya tambaye shi wa za a aika wa hoton, yaushe rabonsu da juna, me yake so a ce in an gani. Sai ya ji amsa yake jan labule. Na ce wannan ɓata lokaci ne. Gaskiyar magana na gwada sau biyu, mutanen suka amsa mini a gajarce suna kallon agogo. Shi kuwa tambaya ɗaya zai yi ka ga ƙato yana share hawaye.

Abin da ya fi ci mini rai a gidana na same shi. Ina neman katin asibitin autarmu a akwatin matata, sai ga hoton matar tawa da hatiminsa a baya. Ta yi kyan da ni ban taɓa fito mata da shi ba, ni da nake ɗaukarta duk lokacin da ta so. Ba fili a bayanta, ba daji. Bangon shagonsa ne tsirara, da tsagewar siminti ta gangaro ta bayan kafaɗarta.

"Baban yara, kada ka tayar da hankalinka," ta ce. "Ya tambaye ni ina ne gida, na ce nan aka haife ni, nan aka haifi uwata. Sai ya naɗe labulayen duka biyu, ya ce to ke ba ki bukatar aro."

Kwana huɗu ban yi mata magana ba, shi kuma wata guda ban amsa gaisuwarsa ba. Ko a jikinsa. Kowace safiya sai ya ɗaga mini tsummansa daga tsallake ya ce, "Maƙwabci, an tashi lafiya?" Har haƙurin nasa haushi yake ba ni.

Wayoyi suka zo suka cinye sana'ar, muka koma hoton fasfo, muka tsufa muna kallon juna. Ko a hoton fasfon ma, da ba ya son labule, wajensa aka fi zuwa.

Wata Talata da la'asar na hango shi yana tsallako titi da sanda, babbar 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Bai taɓa taka shagona ba sai ranar. Ya zauna yana haki.

"Maƙwabci, yaran nan sun birkice gidan kaf, ba su samu hotona ko ɗaya ba. Likita kuma ya ce in fara kintsawa. Ka ɗauke ni."

Tausayinsa ya kama ni, amma a ƙasan tausayin akwai murna, ba zan yi ƙarya ba. Yau zan san ɓangarensa.

"Wane labule zan ja maka, Malam?"

"Kai ne mai hoto yau," ya ce.

Na tsaya kamar sabon shiga. Can na ji bakina yana yin tambayarsa: "Wa za a ba hoton?"

"Jikokina. Wasu suna arewa, wasu suna kudu, kowanne yana cewa ni nasu ne."

Na dubi filina, na dubi jirgina mai hayaƙi, na ga duk wanda na ja na cuci rabin yaran. Sai na ɗauki benci na fitar bakin ƙofa, na zaunar da shi ya ba titi baya. Rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta a gefen fuskarsa. A bayansa ga motoci masu haurawa da masu gangarawa, ga shagonsa da allon sunansa. Ya gane abin da na yi, ya dube ni ya yi dariya, na danna.

Ban taɓa ɗaukar hoto irinsa ba. Na buga hatimina a baya har sau biyu kafin in saka shi a firam.

Bayan sati biyar ya rasu. 'Yar ta aika wa jikoki ƙananan da na wanke musu, ta rataya babban mai firam a shagonsa, ta koma garin mijinta. Mai sayar da wayoyin da ya karɓi shagon ya bar shi a inda yake, don mutane suna tsayawa kallo. Ranar nan na tarar da su sun yi cirko-cirko a gabansa, har da malamin makaranta da direban tanka, duk sun yi furfura.

"Da gani ka san hannunsa ne," in ji malamin. "Wa ya san haske haka in ba shi ba?"

"Har kansa ya iya ɗauka," in ji direba. "Ga allonsa nan ma a ciki."

Na ce, "Ni na ɗauka."

Mai aski ya dafa kafaɗata, ya rage murya.

"Haba maƙwabci. Mutum ya mutu ma ba za ka bar masa nasa ba?"

Hatimina yana nan a baya, yana kallon bango. Kowace safiya in na buɗe shago, shi nake fara gani daga tsallake, yana mini dariya.