Na ce ban taɓa komai ba, muka rasa muryar mahaifinsu

A lokacin ni ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikata a Abuja, amma a gida injiniya ake ce min. Na iya gyara waya idan ta rikice, na iya haɗa firinta, shi ke nan kaina ya kumbura. Ban san ƙaramin sani ƙuƙumi ba ne sai da ya shaƙe ni.

Yayata ce ta kawo min tsohuwar kwamfutar mijinta da ya rasu. A ciki akwai bidiyoyinsa da yaransa, kuma babu su a ko'ina sai nan. Autarta ba ta san shi ba, a wannan allon kaɗai take ganin babanta yana dariya. Abin da Yaya ta roƙa bai taka kara ya karya ba: in kwafe mata su a filashi saboda kwamfutar ta fara nauyi. Maimakon in fara da kwafewar, sai karambani ya ce in burge ta. Na bi wani bayani a intanet na sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin komai ya buɗe. Da na gama na ga zaɓi biyu, tsohon tsari Legacy da na zamani UEFI. Na ce wa zai zauna a tsohon yayi, na zaɓi na zamani. Kwamfuta ta mutu ta taso da baƙin allo, tana cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba.

Na kashe na kunna ya fi sau ashirin, ina ta innalillahi. Yaya ta kira, na ce aiki na tafiya. Da safe na shiga tasi zuwa kasuwar Wuse wurin wani mai gyara, dattijo mutumin Kano. Sau biyu yana tambayata ko na taɓa wani abu. Shagon cike da mutane, ga katin ofis rataye a wuyana, sai na ji kunyar a ce na yi aikin jahilci. Na ce haka kawai ta yi. Ya tambaya ko akwai abin da nake buƙata a ciki, amma hankalina yana kan ogana da ke ta kira. Na ce ya yi duk abin da zai sa ta tashi kafin la'asar, na fice.

Na dawo na tarar ta tashi garau, ya goge ta ya saka sabuwar manhaja, babu komai a cikinta. Na zauna a kan benci na faɗa masa gaskiya duka. Ya ce, "Ɗana, da ka faɗa min da safe, Legacy kawai zan mayar da ita. Komai yana nan, ko ɗaya bai ɓata ba."

Na roƙe shi har da hawaye ya nemo min bidiyoyin. Kwana uku yana lalube, abin da ya samo guntu ɗaya ne, mijin Yaya yana tafa hannu yana cewa taho, taho, sai hoton ya tsaya. Da na kai wa Yaya na tura mata guntun a wayarta, ba ta zage ni ba, wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta shige ɗaki.

Don haka nake roƙon masu karatu, kafin ku taɓa BIOS ɗin kwamfuta ku fara kwafe abin da ba a sayar da shi a kasuwa. In kuma kun riga kun taɓa, ku faɗa wa mai gyara gaskiya ko da za a yi muku dariya. Ba zaɓin da na yi ne ya share bidiyoyin ba, ƙaryata ce. Har yau in na je gidan, autar takan kawo min wayar uwarta, ta ce kawu injiniya, gyara min, Baba ya tsaya.